A Kai Ni In Ga Jidda

Utaibiyya, Makka
Ranar Lahadi

Zuwa ga Maryama, Maman Salwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Salwa da Abdulƙuddus da duk mutanen Sakkwato. Yaya tarin Salwa, ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Tun da kin kafa mini doka cewa a waya bakina yana riga gaskiyata isowa, ga shi na rubuta da hannuna. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki ajiye shaida.

Inna tana lafiya. A Madina jirginsu na Umra ya sauka, mota ta kawo su Makka ranar Alhamis, ita da ƙawarta Hajiya Aishatu da suke ɗaki ɗaya a masauki. Na nemo keke a tura ta, ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. Da ƙafarta ta yi ɗawafi da sa'ayi, har na riga ta neman wurin zama. Abinci ne kawai bai karɓe ta ba, sai da aka yi mata miyar kuka. Kuma a unguwar nan babu mai daddawar kirki sai Ummu Turki, matar nan da na ba ki labari, wadda ta zo bakin shagonmu bara waccan ta wanke ni da Hausa ta ɗauraye da Larabci, don kawai na ce wa wasu alhazai yajinta da gari a ciki. Har yau ba ta sayar mini, kuma ita ta laƙaba mini Abu Lisan, wato mai dogon harshe. Matar maƙwabcina na roƙa ta sayo.

Yanzu ga maganar da ke hana ni sakat. Shekara huɗu ina neman ki taho nan da yara. Takardu sun fito, ɗaki na gyara. Inna ta ce autarta ba za ta ƙetare teku ba, ke kuma kin ce abin da Inna ta yanke shi ne. To jirginsu ranar Alhamis zai tashi. Kwana huɗu suka rage mini in juyo da ran tsohuwar da ba ta taɓa kallon idona ba.

Kin san yadda muke hira da ita. Ina zaune a bakin ƙofa, tana ƙarshen gado fuskarta a bango. Ta gaya wa Hajiya Aishatu, Hajiya Aishatu ta gaya mini, alhali duk muna jin numfashin juna. Sunana a wurinta har gobe “mutumin Kano”.

Jiya bayan La'asar sai ga saƙo ta wannan hanyar: a tambayi mutumin Kano, tun da an ce babu wanda bai sani ba a ƙasar nan, ko ya san Jidda. Na ce na san ta ciki da waje, wata ba ya wucewa ban je ba. Aka tambaya ko tana nan lafiya. Na ce lafiya ƙalau, ta bunƙasa, ta yi faɗi, arziki ya zauna mata, wanda ya san ta a da ba zai gane ta ba. Aka tambaya ko tana karɓar baƙi. Na ce ai ba ta da sana'ar da ta wuce wannan. Maryama, sai Inna ta juyo. Shekara tara da aurenmu, jiya na fara ganin fuskarta sosai. Ta ce, ba ta bakin kowa ba, “A kai ni in ga Jidda.”

Kin ga ƙofa ta buɗe. Na ɗauki hutu a shago, na yi magana da mai mota, gobe bayan Asuba za mu tafi, tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci. Wuni ɗaya bai isa a zaga Jidda ba, amma wanda ya san gari ya san abin da zai ɗora a saman tire. Kasuwar kifi za mu fara da sanyin safiya, ta ga kifin da ya fi Abdulƙuddus tsawo. Daga nan tsohon gari, Balad, inda gidaje suke hawa huɗu, hawa biyar, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako duk sassaƙa. Mu ratsa kasuwar turare, mu fita ta Ƙofar Makka, inda alhazan da ke sauka ta jirgin ruwa a da suke kama hanya. Akwai maƙabartar da mutanen garin ke cewa nan kabarin Nana Hauwa'u yake. Mu yi La'asar a masallacin nan da aka kafa a kan ruwa, in teku ta cika sai ki rantse yawo yake. Sai mu rufe da ruwan nan da ake harbawa sama daga cikin teku, wanda ya fi kowane bene da kika taɓa gani tsawo. In ta ga haka, za ta san ba jeji nake kiran 'yarta ba.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Gwiwar Hajiya Aishatu ta kumbura, ba za ta je ba, ni da Inna ke nan babu tafinta. Na biyu, Inna ta fito da wani ƙunshi daga ƙasan jakarta, an naɗe da tsohon zane, ta ce da shi za a tafi. Ta kuma sa an goge mata mayafinta na Sallah. Ni ban taɓa ganin wanda ya yi wa kallon kifi kwalliya ba. Ko kin san abin da ke cikin ƙunshin?

Ki sa mu a addu'a. A shafa mini kan yara.

Naki har kullum,
Mailafiya


Utaibiyya, Makka
Litinin, bayan Magariba

Maman Salwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan kun wuni lafiya. Kafin komai, Inna tana lafiya, ta sha kunu, tana kwance a masauki. Na fara da wannan ne don ki iya karanta sauran.

Na yi ɓarna. Ban taɓa yin irinta ba, kuma da bakin nan da nake taƙama da shi na yi ta.

Mun isa Jidda rana ba ta yi zafi ba. Inna tana bayan mota, ƙunshinta a cinya. A kasuwar kifi na yi ta zuba, ina nuna mata jatan lande da kifi mai haƙora, ita kuwa ko tebur ɗaya ba ta kalla ba. Fuskokin mata take bi da ido, musamman baƙaƙe irinmu. Na ce a raina ƙarni ne ya dame ta, mu wuce.

Da muka shiga Balad na tsaya a gaban wani gida mai hawa biyar, tagoginsa kore shar, na gyara murya zan fara bayani. Sai na ga ta gyara mayafi, ta share fuska da gefensa, ta ce a hankali, “Nan ne?” Na ce wannan ai kaɗan ne, na gaba ya fi shi. Muka je na gaban, gidan wani tsohon attajiri da aka mayar wurin kallo. Ta sake gyara mayafi, ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ta yi sallama. Mai gadi ne ya amsa. Ta shiga tana leƙa ɗakuna, babu kowa sai tsoffin akwatuna da fitilu. Ta fito ta ce, “Ba nan ba ne?” Ni kuma, jakin Kano, na ce ta yi haƙuri, babban wurin yana gaba, na ajiye mata shi.

Maryama, sau uku tsohuwar nan tana cire takalmi a ƙofar gidajen da babu mai zama a ciki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka fita ta Ƙofar Makka, muka taka zuwa maƙabarta. Katanga ce kawai da ƙofa, ba a ganin komai, mata ma ba sa shiga. Ta tsaya tana haki, ta dubi katangar, ta dube ni, ta ce, “Nan ne?” Na buɗe baki da murnata na ce nan ne, Inna, nan Hauwa'u take kwance, ita ce Jidda ta gaskiya, saura duk suna suka ara.

Ƙunshin ya faɗi, na ji ƙarar kwano a ƙasa. Sai ita ma ta sulale a jikin katanga. Ni da direba muka kama ta, wani mai sayar da ruwa ya kawo mana gora biyu, jama'a suka fara taruwa. Da ta buɗe ido sai ta riƙe mini hannun riga, surukata da ko inuwata ba ta takawa, ta ce, “Ka ce mini tana lafiya. Yaushe ta rasu?” Na ce Inna, ai tun kafin ruwan Annabi Nuhu. Ta yi mini wani kallo da ba zan manta ba har in mutu.

A nan bakin titi na buga wa Hajiya Aishatu. Ita ta warware mini, tana salati tana zagina. Kafin mahaifinku Inna ta auri wani Malam Hashimu a Wurno. Ta haifa masa 'ya mace, Hauwa'u, 'yar farinta. Da auren ya mutu ya ɗauki yarinyar tana shekara shida ya taho da ita aikin Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa. Bai koma ba. Shekara arba'in da takwas ke nan. Shekarun baya wani alhaji ya ce ya ji tana raye a ƙasar nan, iyakar labarin ke nan. Mu a Kano kowace Hauwa'u Jidda ce, ku a Sakkwato Kulu, ni da na san wannan tun ina yaro ko sau ɗaya bai faɗo mini ba. Inna ba za ta iya kiran 'yar farinta Hauwa'u ba, ba za ta iya cewa Kulu ba tun da shi ake kiran ta a gida. Jidda kaɗai bakinta ke iya ɗauka, don akwai gari mai wannan suna da za ta fake a bayansa. Duk hirar da muka yi shekaranjiya, ni ina tallan gari, su suna jin labarin 'ya. Ta yi faɗi, arziki ya zauna mata, tana karɓar baƙi. Da bakina na faɗa.

Ba mu ga masallacin ruwa ba, ba mu ga komai ba. Muka juyo. A hanya na yi mata bayani sau uku cewa ba kabarin 'yarta ba ne, ta ce ta ji.

Yanzu na gane abin da ya sa ta ce ba za ki ƙetare teku ba. Garin da na kai ta in burge ta da shi, ta nan aka shigo mata da 'ya ba a mayar ba. In ta hau jirgin Alhamis a haka, maganar zuwanki ta mutu, kuma ba zan ga laifinta ba.

Ke kin san da wannan yayar taki? Ki rubuto mini duk abin da kika taɓa ji, ko ƙanƙane ne. Kwana biyu gare ni.

Mijinki,
Mailafiya


Utaibiyya, Makka
Talata da yamma

Maman Salwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Saƙonki ya iso, na karanta sau huɗu. Ki daina kuka. Tun da abin da aka gaya muku shi ne an yi wata Kulu ta ɓace a gabas, kuma Inna ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ina za ki sani? Abin da kika tuna daga bakin kawunku, cewa yarinyar ta taɓa taka garwashi har ya bar mata tabo a ƙafar hagu, na riƙe shi.

Yau tun safe nake yawo. Na fara da Baba Mukhtaru, tsohon nan da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu bayan Walaha. Shi ma ta jirgin ruwa ya zo, kuma duk Bahaushen da ya sauka a wancan zamani yana cikin kansa, da garinsu da sana'arsa. Sai da ya sha shayi kofi biyu, ya ba ni labarin guguwar da ta kusa kifar da su, sannan ya ce Hashimu uku ya sani. Na Zinder ya koma. Na Katsina bai haihu ba. Na Wurno, dogo mai ɗinkin hula, ya zo da 'yar yarinya, ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda shekara biyu, ya dawo Makka, ya rasu a Mina wata shekara da zafi ya yi yawa. Na tambayi yarinyar. Ya dube ni yana dariya babu haƙori. Ya ce ai kai ka fi kowa sanin ta, Abu Lisan, ba ita ta wanke ka a bakin shago ba?

Ummu Turki. Layi uku tsakanin gidanta da ɗakina. Na ɗauki tsohuwa na kai ta bakin teku neman abin da yake bayan tagata. Miyar da Inna ta sha ranar Asabar, daddawar 'yarta ce a ciki.

Na je gidan bayan Azahar. Da ta ji muryata ko labule ba ta ɗaga ba, ta ce babu yaji, babu gari, in kama gabana. Na ce ba ciniki ya kawo ni ba. Ta ce to wa ya mutu. Na tsaya a tsakar gida cikin warin daddawa na gaya mata sunan mahaifinta da garinsu, na ce mahaifiyarta tana masauki kusa da Harami. Har na zaci ta fita ta baya. Can ta ce ita ba ta da uwa. Matar babanta ta gaya mata tun tana ƙarama cewa uwar ce ta miƙa ta da hannunta don ta samu ta yi sabon aure. Ta ce ta yi aure babu uwa, ta haifi Turki da ƙannensa huɗu babu uwa, ta binne miji babu uwa, yanzu da furfura me za ta yi da ita. Halas, in ji ta, magana ta ƙare.

Maryama, na fito da duk kayan aikina. Na yi wa'azi, na yi roƙo, na kawo hakkin iyaye, har ƙwalla na matso. Ta bari na gama ta ce, mutumin da ya ce yajinta da gari don ya sayar da nasa, yau me yake son sayarwa? Gaskiyarta. Ina da abin sayarwa, ke ce nake so a ba ni. Ban taɓa jin ciniki ya fi ƙarfina irin na yau ba.

Sai na ajiye dabara. Na ce yajinki babu gari, ƙarya na yi, zan faɗa a bakin shago in kina so. Na ce ina da buƙata a wurin tsohuwar, matata nake so ta bari ta zo, kuma matar tawa ƙanwarki ce. Sannan na ba ta labarin jiya yadda ya faru, da takalmin da aka cire sau uku, da faɗuwar da aka yi a jikin katanga. Ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata.

Dama tun da safe na roƙi Hajiya Aishatu ta karɓo mini ƙunshin nan, Inna ba ta hana ba. Na tura shi ta ƙarƙashin labule. Langa ce, Maryama, 'yar langa mai murfi da zanen fure ja, irin ta jeren ɗakin amare na da. Faɗuwar jiya ta ɓantare mata baki. Hajiya Aishatu ta ce Inna ta saye ta ne shekarar da ta lissafa yarinyar ta isa aure, ta ɓoye a ƙasan adaka tun daga lokacin. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Na ji an buɗe murfin, an rufe, an sake buɗewa.

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma dawo da langar ba. Ta ce in tafi, tana da aiki.

Ban gaya wa Inna komai ba. Na riga na kashe mata 'ya sau ɗaya da bakina, ba zan raya ta in sake kashewa ba. Gobe ce kaɗai ta rage. Ko abinci na kasa ci.

Naki,
Mailafiya


Utaibiyya, Makka
Alhamis, bayan Magariba

Zuwa ga Maryama, Maman Salwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da yara da duk 'yan gida. Jirgin su Inna ya tashi lafiya, ku shirya tarbarta. Jiya ban samu rubutowa ba. Ki zauna ki karanta.

Jiya Laraba har Azahar babu labari. Ina shago ina ba mutane turare a madadin tasbaha. Sai ga mota ta tsaya, Turki ne, babban ɗan yayarki, Hausarsa a karye, ya ce Ummi ta ce in shigo in nuna hanya. Tana baya, ta sha baƙar abaya, langar a cinyarta. Ba ta gaishe ni ba.

A masauki na tsaya a bakin ƙofa, inda na saba. Hajiya Aishatu ta ce Inna, ga baƙuwa. Ummu Turki ta shiga, ta tsaya, sai kawai ta zube. Kin san tarbiyyar nan ta Larabawa ce da ita, ta rungume Inna, tana sumbatar kanta da hannuwanta, tana kuka da ƙarfi tana cewa Ummi, Ummi. Inna kuwa ta sandare. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango, ta ce wa Hajiya Aishatu a ba baƙuwa ruwa, a tambaye ta ko ta zo lafiya.

Na ga abin da zai faru tun kafin ya faru. Ummu Turki ta miƙe, fuskarta ta canza, ta fito ta wuce ni fuu. Na bi ta har bakin matakala. Ta ce ka gani, Abu Lisan? Ko kallona ba ta yi ba, ko sunana ba ta kira ba, baƙuwa ta ce. Matar babana ba ta yi ƙarya ba.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ce Hajiya, ke a nan kika girma, 'ya'yanki kina kiran su gatsal, har da sunan na farin ake kiran ki. A can ba haka ba ne. Ke 'yar fari ce. Ko a gabanta kika girma ba za ta kalle ki a gaban mutane ba, ba za ta kira sunanki ba, wanda aka fi so shi ake kau wa kai. Na ce matar nan ta yi shekara hamsin da huɗu sunanki yana bakinta ba ta furta ba, sai da ta samu gari mai irinsa ta ɓuya a bayansa, har ta yarda ta bi suruki ita kaɗai cikin rana, alhali ko ruwa ba ta sha a gabana. Na ce kin lura inda idonta yake lokacin da kika miƙe? Ni na lura, daga ƙofa ake ganin komai. Ƙafarki ta hagu take kallo ta ƙasan mayafi.

Ta tsaya tana numfashi. Sai ta sunkuya ta cire safa a nan bakin matakala, ta koma ɗakin. Wannan karon ba ta rungumi kowa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da gado, ita ma ta juya fuskarta ga bango, ta miƙe ƙafa. Sun daɗe a haka, su biyu suna kallon fenti. Can hannun Inna ya fito daga mayafi, ya sauko, ya dafa tabon. Ba ta ɗauke shi ba har aka kira La'asar. Na ja ƙofa na bar su.

Yau Turki ne ya kai mu filin jirgin Jidda, har da yayarki. Mun fita da wuri, na ce tun da hanya ta bi, a bar ni in cika alkawari ko guda ɗaya. Muka tsaya a bakin teku wajen masallacin nan na kan ruwa. Ruwa ya cika, iska tana kaɗawa, can nesa ga manyan jiragen kaya sun yi layi suna jiran shiga tasha. Yayarki ta nuna wajen ta ce ta can suka shigo, tana tuna amai da ƙishirwa da yadda ta yi ta tambayar babanta yaushe Inna za ta iso. Inna ta daɗe tana kallon jiragen. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, an tuna mata teku, tawa ta ƙare. Na buɗe baki zan yi magana, na rufe. Ki rubuta wannan ma a cikin shaida.

Sai Inna ta juya ga Hajiya Aishatu, ina tsaye taku biyu daga gare ta. Ta ce a gaya wa mutumin Kano ta ga Jidda, kuma bai yi ƙarya ba, ta yi faɗi. Yayarki ta fashe da dariya tana share hawaye. Inna ta ce a ƙara gaya masa, auta ta taho bayan Sallah. Ba don shi ba. Don waccan ta daɗe ba ta da kowa nata a kusa. Sharaɗi biyu: kowace shekara a kawo mata ku ta gan ku da idonta, kuma waccan ce uwarki a nan, in na yi ba daidai ba ita za a kai wa ƙara.

Yayar taki ta karɓi aikin tun kafin a rufe baki. Ta ce gobe bayan Juma'a tana jira na a bakin shago, in faɗa wa jama'a da Hausa da Larabci cewa yajinta babu gari. Kin ga abin da na jawo wa kaina. Shekara huɗu ina neman mata, na samu suruka ta biyu a layi na uku.

Ki fara haɗa kaya. Ta ce ki taho mata da kalwa mai kyau da gero, ta kuma ce in tambaye ki ko kina kama da Inna. In kin iso zan kai ki ki ga Jidda. Wadda ke kusa za mu fara gaisarwa, ta bakin tekun ta jira.

A gaida Salwa da Abdulƙuddus. In Inna ta sauka ki duba mini ƙafafunta, ta sha tafiya a hannuna.

Mijinki mai kewarki,
Mailafiya